Na'ura da Halitta a Labarin Yara: Yadda Ake Haɗa Su Ba Tare da An Yi Wa Ɗaya Ƙarya Ba

Labaran yara da yawa da ke haɗa fasaha da muhalli tun a shafi na uku suke mutuwa, kuma abu ɗaya ne ke kashe su: marubucin ya riga ya yanke hukunci kafin ya ɗora alƙalami. Ko dai inji ne azzalumi, daji kuma bawan Allah da ake cuta, ko kuwa daji ne ya lalace, sai a shafin ƙarshe wata na'ura mai ƙyalli ta sauko ta gyara komai. Yaro ɗan shekara 7 yana gano inda aka dosa da wuri. Da ya gane wa'azi aka zaunar da shi ya saurara, sai idonsa ya koma ƙofa.

Labarin da ke riƙe yaro shi ne wanda aka bar wa kowane ɓangare dokarsa ta gaskiya. Halitta tana da abin da take ci, lokacin da take barci, abin da ke firgita ta, da yadda take gane hanya. Na'ura ma tana da nata: inda take samun wuta, tsawon lokacin da wutar ke ɗauka, abin da take iya gani ko ji, abin da ya shige mata duhu, da mutumin da ya kafa ta don wata buƙata tasa. Kafin a rubuta ko jimla ɗaya, a ɗauki takarda biyu a cika su da waɗannan amsoshi, ɗaya ta dabbar ko shukar, ɗaya ta na'urar, sannan a jera su a duba inda suka yi karo. Sau tari ba sai an ƙago rikicin labarin ba, yana nan kwance a tsakanin takardun.

Ga misalin da za a iya bi daki-daki. Macen kunkurun teku takan fito gaɓa da dare, ta haƙa rami a yashi, ta zuba ƙwai kusan 100, ta binne ta koma ruwa. Bayan kimanin wata 2 sai 'ya'yan su ƙyanƙyashe, su fito, yawanci da dare, su nufi ɓangaren da ya fi haske. A gaɓar da babu gini, wannan ɓangare shi ne teku, saboda ruwa yana maido da hasken wata da na taurari, bayan gaɓa kuwa duhun tudu ne da bishiyoyi. Da an kafa fitilun lantarki a bayan gaɓa sai lissafin ya juye. 'Yan kunkurun su ba teku baya su nufi titi, gajiya da ƙishi su kashe wasu, ƙaguwa da tsuntsaye su kwashe wasu. Takardar halitta ke nan. Takardar fitila kuma ba mugunta ce a cikinta ba. Wani ne ya kafa ta don masunta su ga inda za su ja kwalekwale, ko don masu dawowa gida da dare kada su afka rami. Marubucin da ya ɓoye wannan dalili ya mayar da mai fitila sakarai, kuma ya rage wa labarinsa nauyi, domin inda ɓangare ɗaya kaɗai ke da hujja babu abin da za a warware.

Yanzu sai a sa yarinya a tsakani. Da safe ta ga 'yan ƙananan sawu a yashi, kamar zanen tayar keken wasa, duk sun bar ruwa sun karkata wajen turakun fitila. A tsaya a nan a ba wannan gani shafi guda cur, domin lura ita ce babbar ƙwarewar da irin wannan labari ke koya wa yaro, kuma ita ce abin da yaro zai iya yi da kansa gobe. Yunƙurinta na farko ya zama na yarinta: ta kashe fitilar. Daren nan wani masunci ya buga ƙafa a duhu, aka sake kunna ta, aka kuma yi mata faɗa, kuma faɗan yana da gaskiya. Yunƙuri na biyu, ta ce za ta riƙa kwashe 'yan kunkurun a bokiti tana kai su ruwa. Ramuka sun fi ƙarfinta, barci ya ɗauke ta, ga shi kuma a ƙasashe da dama doka ta hana taɓa su sai mai izini. Na uku ne zai zo daga abin da ta lura da shi tun farko ba ta ba shi muhimmanci ba: 'yan kunkurun ba su kula da jar fitilar da ke bayan keken wani ba. Wannan gaskiya ce ta kimiyya. Fari da shuɗin haske ne suka fi fizgar idonsu, ja da ruwan goro ba su cika jan su ba. Shi ya sa masu kare su ke ba da shawarar abu uku tare: a sauko da fitila ƙasa-ƙasa, a yi mata marufi ta ɓangaren teku, a sauya ƙwan zuwa ja ko ruwan goro. Masunci ya samu haskensa, kunkuru ya samu tekunsa, kuma da fitila aka warware matsalar fitila.

A lura da jar fitilar nan ta bayan keke. Dole ta bayyana tun a farkon littafi, ko da a zane ne kawai a gefen shafi, ba tare da an ambace ta da kalma ba. Maganin da ya faɗo daga sama a shafin ƙarshe zamba ne ga mai karatu, yara kuma suna jin zafin zamba fiye da yadda manya ke zato. Amma in suka koma baya suka tarar abin yana nan tun shafi na 6, sai su nemi a sake karanta musu.

Batun awo yana da sauƙi amma ana yawan tuntuɓe a kansa. Littafin zane na 'yan shekara 3 zuwa 7 yawanci shafi 32 ne, kuma dalilin daga maɗaba'a yake: ana buga shafuka 8 ko 16 a babbar takarda ɗaya, a naɗe a yanke, don haka jimillar shafuka takan zama ninkin 8. In an cire shafin take da na bayanan bugu, abin da ke saura wa labari kusan shafi 28 ne, wato buɗi 14, kowane buɗi shafi biyu masu fuskantar juna. Kalmomi kimanin 500 suna isa, kusan 35 ke nan a kowane buɗi. A labarin kunkuru, buɗi 3 na farko su gabatar da yarinya da gaɓa da fitila, na 4 ya zama ganin sawu, 5 zuwa 10 su ɗauki yunƙuri biyu da suka ci tura, 11 ya zama inda ta yanke ƙauna, 12 da 13 maganin, 14 kuma ƙarshe. Juya shafi shi kansa kayan aiki ne: a ajiye tambaya a ƙasan shafin da ake gamawa da shi, amsar ta jira sai an juya. Littafin babi-babi na 'yan shekara 6 zuwa 9 yakan kai kalma 5,000 zuwa 10,000, na 'yan 9 zuwa 12 kuma yakan haura 25,000. A can ne ake da filin kawo na'ura fiye da ɗaya da sakamako mai dogon zango.

Abin da marubuta suka fi yi wa ha'inci shi ne na'urar. Dabba dai ana ɗan jin kunyar yi mata ƙarya, amma inji sai a bar shi yana aiki kamar tsafi, ba ya gajiya, ba ya lalacewa, ya san komai. Alhali iyakokinsa su ne suka fi komai amfani ga labari. Ƙaramin jirgi mara matuƙi irin na ɗaukar hoto yakan yi kusan rabin awa a sama kafin batir ya ƙare, iska mai ƙarfi tana rage wannan, shaho da mikiya kuma sukan kai masa hari. Marubucin da ya san haka ya samu agogon da ke ƙirga lokaci a labarinsa kyauta. Faifan sola ba ya ba da komai da dare, ƙura da inuwar reshe ɗaya suna rage masa ƙarfi sosai. Na'urar gane wuri ta tauraron ɗan'adam tana buƙatar saƙo daga aƙalla taurari 4, don haka takan rikice a kurmi mai duhun ganye ko tsakanin manyan duwatsu, a kogo kuwa ba ta aiki sam. Kyamarar da ake ɗaurewa a jikin bishiya don ɗaukar namun daji motsin zafi take ji, shi ya sa takan cika da ɗaruruwan hotunan ciyawar da rana ta ɗumama iska na kaɗa ta, maciji kuma ya wuce gabanta ba ta farga ba, saboda zafin jikinsa daidai yake da na ƙasar da yake ja a kai. Yaron da ya zauna yana duba hoto bayan hoto babu komai a ciki, ya kusa haƙura, sannan ya ci karo da ido biyu masu ƙyalli a kusurwar hoto ɗaya: wannan babi ne cikakke, kuma daga raunin kyamarar ya fito.

Sharaɗi ɗaya ne a nan. A sanar da iyakar tun kafin a buƙace ta. Wayar da batirinta ya mutu daidai lokacin da yara suka ɓata a daji, ba tare da an taɓa ambaton caji ba, dabarar gudu ce. In an nuna tun babi na 2 cewa wayar ba ta riƙe wuta, kuma yaran suka zaɓi su ƙarar da ita wajen ɗaukar hoton wani tsuntsu, to mutuwar tata ta zama sakamakon zaɓinsu. Haka kuma gara a bayyana na'ura da aikinta a bar sunan kamfani da lambar samfuri, domin waɗannan kan tsufa kafin littafi ya cika shekara 5.

Mutum-mutumi, wato na'urar da ke motsi da aiki da kanta kamar mai rai, yana da nasa zancen daban, saboda yara ba sa kallonsa yadda manya ke yi. Masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya nuna tun shekarun 1920 cewa ƙananan yara sukan ɗauka abin da ke motsi yana da rai, har rana da gajimare, sai a hankali suke rarrabewa. Don haka tambayar "yana da rai?" tana cikin ran mai karatu ko marubuci ya yi ta ko bai yi ba. Ba dole a amsa ta a fili ba, amma dole marubuci ya tsayar wa kansa amsa: yana jin zafi? Me yake kira yunwa? In hannunsa ya karye, wa zai gyara, da me? Sannan ya tsaya a kan amsar har ƙarshe. Littafin Peter Brown na 2016, The Wild Robot, inda mutum-mutumi ta tsinci kanta a tsibiri ta raini ɗan dinya, ya tsaya da ƙafarsa ne saboda akwai gaskiyar halitta a ƙarƙashinsa: ɗan dinya yakan bi abu na farko mai motsi da ya gani bayan ƙyanƙyasa, ya ɗauke shi uwa. Konrad Lorenz na ƙasar Ostiriya ya shahara da binciken wannan ɗabi'a, yana kuma cikin waɗanda suka karɓi kyautar Nobel a 1973. Da irin wannan ɗabi'a aka yi amfani a Amurka daga 2001, inda mutane sanye da fararen kaya masu rufe fuska suka raini wasu tsuntsaye dangin gauraka da suka kusa ƙarewa, suka ja su a bayan ƙaramin jirgin sama daga Wiskonsin zuwa Fulorida don koya musu hanyar ƙaura. An dakatar da jan su da jirgi a 2016, domin tsuntsayen da aka raina haka ba su yi nasara sosai wajen rainon nasu 'ya'yan ba. Wannan ɓangare na biyu ne marubuci ya kamata ya fi riƙewa. Jirgi ya iya koya hanya, bai iya koya uwa ba, kuma labari mai gaskiya zai faɗi duka biyun.

Dabba mai magana fa? Ba laifi, yara sun saba da ita, amma tana da kuɗinta. Binciken da Patricia Ganea ta Jami'ar Toronto da abokan aikinta suka wallafa a 2014 ya nuna cewa ƙananan yaran da aka karanta wa littattafan da suka ba dabbobi halin mutane sun fi saurin jingina wa dabbobin gaske tunani da ɗabi'un ɗan'adam. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a ba dabba baki a bar mata jikinta. Jemage ya yi magana, amma da dare zai fita, a kife zai kwana. Ƙudan zuma ta yi gardama, amma da rawa za ta nuna wa 'yan'uwanta inda furanni suke, kamar yadda take yi a cikin amya. Da zarar an sa wa mujiya agogo an tura ta kasuwa da tsakar rana, an daina labarin halitta, an koma labarin mutane masu fuka-fuki.

Akwai kuma batun tsoro, wanda shi ne ya fi damun mai kishin yara. Marubuci ya karanta labarin narkewar ƙanƙara da ƙonewar dazuzzuka, ransa ya ɓaci, sai ya kwashe duka ya juye a kan ɗan shekara 5. Yaron ba shi da abin yi da wannan nauyi sai fargaba, fargaba kuma takan sa yaro ya juya wa abu baya. Malamin nan Ba'amurke David Sobel ya yi gargaɗi a kan haka a 1996, yana mai cewa a bar yaro ya fara son ƙasa da halittunta kafin a ɗora masa alhakin ceton su, kuma a jinkirta manyan bala'o'i sai ya kai kimanin aji huɗu na firamare. A aikace, ma'aunin shi ne girman matsala ya yi daidai da hannun jarumin. Gaɓa ɗaya da fitila shida, yarinya za ta iya. Tekun duniya gaba ɗaya, ba za ta iya ba, kuma littafin da ya nuna ta iya ya yi mata ƙarya.

Kada kuma wannan ya sa a raina hannun yaro. Richard Turere, yaro Bamasai da ke kiwon shanun mahaifinsa kusa da gandun namun daji na Nairobi a Kenya, ya lura cewa zakoki ba sa zuwa in yana zagaya garke da tocila a hannu. Sai ya haɗa tsohon batirin mota, da akwatin sigina na babur, da ƙwayayen fitila daga fasassun tocila, da ƙaramin faifan sola, ya jera fitilu masu kunnuwa da mutuwa bi da bi a kewayen garke, zaki ya ɗauka mutum ne ke yawo. Yana ɗan shekara 13 ya bayyana wannan a dandalin jawabai na duniya da ake kira TED a 2013. A Malawi kuma William Kamkwamba yana ɗan shekara 14 ya gina injin samar da lantarki da iska daga tsohon keke da fankar tarakta da bututun roba. Tsarin da ke cikin labarin Turere shi ne ainihin ƙashin bayan irin wannan adabi: lura da ɗabi'ar dabba, tarkacen da ke kusa, gwaji, gyara. Babba zai iya taimakawa da tsani ko sukurdireba, amma in shi ya kawo dabarar, an ƙwace wa yaro littafinsa.

Ga 'yan shekara 9 zuwa 12 ana iya buɗe ƙofar da ta fi wuya, wato maganin da ya yi aiki da gaske sannan ya haifar da wata cuta. Maganin ƙwari na DDT ya ceci ɗimbin rayuka daga zazzaɓin cizon sauro, har wanda ya gano ƙarfinsa, Paul Müller, ya karɓi kyautar Nobel a 1948. Daga baya aka gane yana taruwa a jikin tsuntsaye masu cin nama, ƙwansu ya yi ɓawo marar kauri ya fashe a ƙarƙashin uwa, Amurka kuma ta hana amfani da shi a gona a 1972. Yaro a wannan shekaru yana iya ɗaukar labarin da babu mugu a cikinsa, sai mutanen kirki da ba su hango nesa ba. Yana kuma jin daɗin ɗaya fuskar, inda na'ura ke buɗe abin da ido bai taɓa gani ba. A Oktoban 2022 wani tsuntsun bakin ruwa mai dogon baki, ɗan wata 5, ya tashi daga Alaska a Amurka ya sauka a tsibirin Tasmaniya na Ostiraliya, kimanin kilomita 13,560 cikin kwana 11 ba tare da ya sauka ko sau ɗaya ba. An san haka ne saboda 'yar na'ura mai nauyin giram 5 da aka ɗaura masa. Ko a nan akwai doka: masu bincike sukan kiyaye kada na'urar ta wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyin tsuntsu, don kada ta hana shi tashi. Jarumin da yake son bin sawun ƙaramin tsuntsu amma na'urarsa ta yi masa nauyi ya riga ya shiga matsala mai kyau.

Zane shi ne rabin littafin, kuma a can kurakurai ke ɓuya. A ba mai zane ainihin nau'in dabbar da hotunanta, da lokacin shekara, da yanayin wata a daren da abin ya faru. Kada a haɗa halittun da ba sa zama a nahiya ɗaya, kada waya ta fito daga fitila ta tafi babu inda ta nufa, domin akwai yaron da zai bi ta da yatsa ya tambaya. Abin da zane ya riga ya nuna kuma kada rubutu ya maimaita shi. In hoto ya nuna sawun sun karkata, jimlar ta faɗi abin da yarinyar ta ji a ranta.

Kafin a kai maɗaba'a, a karanta labarin da ƙarfi ga yaran da aka rubuta wa, a tsaya a tsakiya a tambaye su me suke ganin zai faru. In duk suka faɗi ƙarshen daidai, an bayyana da yawa. In babu wanda ya iya ko hasashe, ba a shuka alamu ba. Kada a tambaye su darasin labarin, za su faɗi abin da suka san babba yana son ji. Sannan a ba mutum biyu su duba, wanda ya san dabbar da wanda ya san na'urar, kowanne da jan biro. A roƙi na biyun ya duba abu ɗaya musamman: duk abin da jarumin ya yi da hannunsa, wani yaro zai gwada shi a gida. Batirin mota yana ɗauke da ruwan asid, kuma in ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu yana tartsatsi ya ƙona hannu. Wutar soket tana kisa. Don haka aikin da jarumi zai yi shi kaɗai ya tsaya a kan ƙananan batira irin na tocila, duk inda batirin mota ko tsani ko amya ko ramin dabba ya shigo, a ga babba tsaye a cikin zanen, kuma rubutun ya nuna shi ne ya haɗa wayar.